Kalmar "Narke" da Danginta

Idan aka jefa ɓarin kantun gishiri cikin tukunyar ruwa, jim kaɗan sai a neme shi a rasa. Bahaushe ya ce gishiri ya narke. Idan kuma aka bar man shanu a rana har ya zama ruwa, nan ma ya ce ya narke. Ga Bature kuwa waɗannan abu biyu ne, kowanne da kalmarsa. Nan ne ɗalibi baƙo kan yi tuntuɓe, ya shiga neman kalma ta biyu, alhali ɗaya ta ishe shi.

Saiwar kalmar ita ce nark-, wasalin ƙarshe ne ke juya ma'ana. A 1960 F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai. Narke tana cikin aji na huɗu, mai ƙarewa da -e, wanda kan nuna abu ya auku sarai, bai bar saura ba. In akwai mai aikin, sai a ce maƙeri ya narka dalma, ko zafi ya narkar da kitse. Abin da ya riga ya narke shi ne narkakke. Wanda halinsa ke nan, kamar sukari, sai a ce da shi mai narkewa. Turawan Ingila sun aro tasu kalmar, soluble, daga solvere ta Latin, watau kwancewa, kamar an kwance ɗauri.

Amma ba duk abin da ya shiga ruwa ke narkewa ba. Gero jiƙa shi ake yi, ya yi laushi, yana nan da jikinsa. Fura kuwa damawa ake yi, in an bar ta ta jima sai garin ya kwanta a gindin ƙwarya. Wanda ya ce fura ta narke, mai talla za ta gane nufinsa, amma sai ta yi murmushi.

Kalmar ta fita daga tukunya tuni. Abinci kan narke a ciki. Yaro mai shagwaɓa kan narke wa uwarsa in yana son a goya shi. Attajirin da ya gina soro mai tsada kuwa, sai a ce ya narka kuɗi a ciki.