Yadda mutanen Japon suke godiya

A Azagor, Bahaushe yana cewa «na gode», Ba'abzine yana cewa «tanammert», Bafillace yana cewa «mi yetti». To, mutanen Japon fa?

Japon ƙasa ce ta tsibirai, can gabas mai nisa. A shekara ta 2004 ta soma taimaka wa Nijar wajen ƙarfafa kwamitocin lakkwal, daga jihar Tawa.

Godiyarsu iri-iri ce. Ga aboki ko ƙane, ana cewa «arigato». Ga babba ko baƙo, sai a ƙara: «arigato gozaimas», ana ɗan sunkuyawa. Wanda ya taƙaita wa dattijo godiya, ya yi rashin ladabi.

Wanda aka gode wa yana amsawa «do itashimashite» ko «iye, iye». Ma'anarsa «ba komi». Ba ya alfahari da kyautarsa.

Kuma godiya ba ta ƙarewa rana guda. In sun sake gamuwa, sai ya sake gode masa don alherin kwanan baya, kamar yadda ake zuwa ban gajiya bayan biki.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Japon ma haka ne.