Likitan da Ya Karya Lagon Cutar Bushiya

Yau za mu ɗan fita daga ɗakin kaji mu leƙa garke, don akwai darasi a can.

Ka tambayi duk wani dattijon makiyayi a Birniwa ko a kasuwar Maigatari mece ce bushiya, ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Zazzaɓi, gyambo a baki, gudawa ba tsayawa, cikin 'yan kwanaki saniya ta faɗi. A wajajen 1890 wannan annoba ta ratsa Afirka, a wasu wuraren ta kashe kusan tara cikin goman shanu. Masu garke suka wayi gari daga su sai sanda.

Mutumin da ya samo makamin yaƙarta shi ne Walter Plowright, likitan dabbobi ɗan Ingila da aka haifa a 1923. Ya yi aiki a nan Najeriya, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a shekarun 1950, kafin ya koma Muguga a Kenya. Akwai rigakafi kafin nasa, amma wasu kan jigata dabba, har su kashe mai rauni. Shi kuwa sai ya riƙa rainon ƙwayar cutar a cikin ƙwayoyin ƙodar ɗan maraƙi, yana sauya mata mazauni sau casa'in da wani abu, har ta yi laushin da ba ta iya kwantar da saniya, amma tana koya wa jikinta kare kansa. Allura ɗaya tak, kariya har ƙarshen rayuwa, ga arha.

A 1962 aka fara gangamin JP15 a Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. Bushiya ta yi ƙasa sosai. To a nan aka yi sake. Da aka ga lafiya ta samu sai aka sassauta allurar maruƙa, ga shanu kullum suna ƙetare iyaka. A 1983 ta dawo Najeriya da ƙarfinta, makiyaya suka tafka asara. Sai da aka sake ɗaura ɗamara, sannan a 2011 aka ayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya, cuta ta biyu bayan agana. Plowright bai ga ranar ba, ya rasu a 2010.

To ina ruwan mai kaji ɗari da wannan labari? Kuskuren da ya jawo 1983 shi muke maimaitawa. Mutum ya ba da Lasota sau ɗaya, ya ga kaji garau, ya watsar da jadawali. Hunturu na shigowa Newcastle ta share ɗakin. Ko a sayo rigakafi a jefa aljihu cikin ranar Birniwa, alhali zafi na kashe shi kafin a iso gida. Ga mu kuma kusa da fadamar Hadejia zuwa Nguru, masaukin tsuntsayen da ke ƙaura, masu iya ɗauko murar tsuntsaye.

Don haka ɗan'uwa, rubuta ranakun rigakafi ka manna a ƙofar ɗakin kaji. Ɗauko shi cikin ƙanƙara. Sabuwar kaza daga kasuwa, a ware ta sati biyu kafin a haɗa. Ka ga mutuwa ta yi yawa, kira ma'aikacin dabbobi, kar ka garzaya da ragowar kasuwa ka kai wa maƙwabci.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu.