Sassaƙar Ɗanyen Icce: Kayan Aiki da Itatuwan da Suka Dace

Malam manomi, duba gidanka ka ƙirga abubuwan da suka fito daga hannun masassaƙi: turmi da taɓarya, ƙotar fartanya da ta garma, muciya, akushi da kujerar tsuguno. A ƙasar Bajju, daga Fadan Kaje zuwa Zonkwa, inda ake surfa acca da dawa, ake kuma tada kunyar citta da doya, gida ba ya cika ba tare da waɗannan kayan ba. Sai dai manyan itatuwan da ake sassaƙa su da su suna ƙara nisa da gari, saboda gawayi, yankan katako da faɗaɗa gonaki. Wajibi ne a san yadda za a ci moriyar kowane gungume ba tare da asara ba.

Dalilin sassaƙa icce yana ɗanye

Icce sabon sara cike yake da ruwa, don haka ƙarfe yana shigarsa cikin sauƙi, kaifi kuma yana daɗewa. Ƙiryar da ta bushe kuwa tana iya dakushe gizago cikin ɗan lokaci. Amma akwai sharaɗi: idan danshin icce ya sauko ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100, sai ya fara tsukewa. Tsukewar da yake yi ta kewaye ta kusan ninka wadda yake yi daga ɓawo zuwa tsakiya. Wannan ne ya sa tsagewa take farawa daga cibiyar gungume. Haka nan bakin da aka sare yana fitar da ruwa fiye da gefe sau goma ko fiye.

Kayan aiki

Gatari na sara da faskare. Gizago na daidaita jiki da rarake ciki. Wuƙa mai kaifi ta gyaran ƙarshe. Sai magagari da dutsen wasa wuƙa. Ka riƙa wasa kayanka a kai a kai, domin dakusasshen gizago shi ne yake zamewa ya sari ƙafa. Ka kafe gungumen da duwatsu ko turaku, kada kuma yara su zauna kusa. In an tashi aiki a goge ƙarfe a shafa masa mai, saboda ruwan icce yana sa tsatsa.

Zaɓen icce

Ƙirya: nauyi da tauri, gara ba ta cika cin ta ba. Ita ce ta turmi da taɓarya.
Marke: yana jure duka, ya dace da ƙota.
Maɗaci da kawo: suna yin kujera da akushi masu ƙarko.
Malaina: ba nauyi, tana saurin girma, ta dace da muciya da ƙananan kaya.

Kada a sare kaɗanya ko ɗorawa mai 'ya'ya domin turmi ɗaya. Man kaɗe da kalwar da za ta bayar shekara da shekaru sun fi kuɗin turmin.

Hana tsagewa

1. Domin ƙaramin aiki kamar muciya da akushi, faskare gungumen biyu ka cire cibiyar.
2. Turmi kuwa da cibiyarsa ake yin sa, don haka a rarake shi da wuri, a bar kaurin bango ya zo daidai ko'ina.
3. Shafa kakin zuma ko man kaɗe a bakin sara. Kada a shafa baƙin man inji a kan abin da zai taɓa abinci.
4. In aiki zai kwana, rufe shi da ɗanyen ganye ko buhu.
5. A shanya a inuwa, a kan dakali, nesa da rana da iskar hunturu, sannan a yi gyaran ƙarshe bayan ya bushe.

Doka da gobe

Tun 2017 maɗobiya ta shiga rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ta tsaurara cinikinta tsakanin ƙasashe, kuma a taron Panama na 2022 aka ƙara maɗaci da kawo. Wannan alama ce ta yadda itatuwan nan suka ragu. Kafin ka sare babban icce, nemi izinin malaman daji na ƙaramar hukumarka.

Malaman gona, ku koya wa manoma renon tohon kututture, wato sassaben zamani, wanda ya farfaɗo da gonakin Maradi tun daga shekarun 1980. A zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga gobara da awaki. Ƙirya tana ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yanta kuma ana yin daddawa da su. A jiƙa irinta cikin ruwan zafi ya kwana kafin a shuka a leda. Malainar da ka jera a iyakar gona za ta ba ka sanda cikin 'yan shekaru, ƙiryar kuwa jikanka ne zai sassaƙa turminta. Ka dasa biyar a madadin kowace ɗaya da ka sare, a farkon damina mai zuwa.