Bashin Ciniki: Yadda Za Ki Sa A Biya Ki A Kan Lokaci

'Yan uwana mata, a zagayen da nake yi wa ƙungiyoyin asusu na Birnin Malam da ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama, akwai kukan da nake ji kusan a kowane zama. Ranar mayar da rance ta zo, sai mace ta ce, "Wallahi kuɗina na waje, ba a biya ni ba." Kuma gaskiya take faɗi. Ta soya ƙuli-ƙuli, ta matse mai, ta yi gumin shinkafa, kaya sun tafi, kuɗi sun maƙale a hannun mai shago ko mai sayar da abinci.

Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: yawanci tun ranar ba da kaya ake sanin ko za a biya ki a kan lokaci. Wadda ta gyara magana a ranar farko ba ta cika shan wahalar bin bashi ba.

Me jinkiri yake jawo miki?

Mu yi lissafi da misali. A ce kin ɗauki rancen naira 30,000 daga akwatin ƙungiya kina sayen gyaɗa. Duk mako kina juya kuɗin, ribar mai da ƙuli-ƙuli tana kai 4,000. Sai wani mai shago ya riƙe miki 12,000 har mako uku. Gyaɗar 18,000 kawai za ki iya saye, ribarki ta sauko zuwa 2,400. Kin rasa 1,600 kowane mako, a mako uku 4,800 ke nan. Ranar da ya kawo kuɗin zai ce ya biya ki cif, amma wannan 4,800 ba mai maido miki da ita. Ga kuma tashin farashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 muka ga yadda kuɗin mota da na kaya ke hawa, har kuɗin da ya sayi tiya goma jiya ya kasa sayen su yau.

Asarar kuma ba taki ba ce ke kaɗai. Wannan tsari na asusu da muke bi ya samo asali ne daga Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar a 1991. Ginshiƙinsa shi ne kuɗi su fita su dawo a kan lokaci domin wata ta ɗauka. Idan kin makara, 'yar uwarki da ke jiran jarin albasa ita ma ta makara, alhali kasuwar albasa ba ta jiran kowa.

Kafin kaya su fita

Na farko, ki san wanda za ki ba bashi. Sabon mai saye ya fara da kuɗi hannu sau uku ko huɗu tukuna. Ki tambayi 'yan ƙungiya, "Wance, kin taɓa ciniki da shi? Yana biya?" A gari ɗaya halin mutum ba ya ɓoyuwa.

Na biyu, ki sa wa kanki iyaka. Shawarata ita ce bashin da ke waje gaba ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na jarinki. Mai jarin 30,000 kada ta bar fiye da 6,000 a hannun mutane. Idan an kai nan, sai an biya wani kafin a ba wani.

Na uku, aikin oda, kamar abincin suna ko biki, ko ɗinkin sallah, ki karɓi kafin alƙalami wanda zai ishe ki sayen kayan aiki. Ko an yi jinkiri, ribarki ce a waje, uwar kuɗi na hannunki.

Na huɗu, ki yanka rana. "Sai na samu" da "in Allah ya hore" ba rana ba ce. Ki ce, "Ranar kasuwa mai zuwa, bayan la'asar." Ki zaɓi ranar da kuɗi ke shiga hannunsa: ɗan kasuwa ranar kasuwa, ma'aikaci ƙarshen wata, manomi lokacin kaka ko in ya cire albasa. Kuma ranar ta riga ranar mayar da rancenki da mako guda aƙalla, domin ki samu sarari.

A rubuta, a sa shaida

Wasu matan na jin nauyin cewa a rubuta, wai kada a ce ba su yarda da mutum ba. To, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan take: bashin da aka yanka wa lokaci a rubuta shi, a kuma kafa shaidu. Babu abin kunya a bin umarnin Allah.

Ki sayi littafi na 'yan makaranta, kowane mai saye da shafinsa. Abu huɗu za a rubuta: ranar da ya karɓa, abin da ya karɓa, kuɗinsa, da ranar biya. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne. In ba kya rubutu, ɗanki ko sakatariyar ƙungiya su rubuta miki, ko ki yi zane, kowane layi naira 500, a gaban mai karɓar kayan. Mai babbar waya tana iya tura saƙon murya ta WhatsApp: "Alhaji, kwalbar mai shida ka karɓa yau, biya ranar Laraba." In ya amsa da "To", kin samu shaida.

Da yawanmu daga cikin gida muke sana'a, yara ke kai kaya. Ki kafa doka: yaro ba ya ba da bashi. Duk mai son bashi ya aiko ko ya kira ki. Kuma kada a tura yarinya karɓar kuɗi shagon maza da dare. Maigida, ko ƙaninki, ko wata dattijuwa su suka dace da wannan aike.

Tuni da karɓa

Kwana biyu kafin ranar, ki tuna masa cikin ladabi: "Baba, ina wuni? Jibi ne alƙawarinmu, ni ma ranar zan biya mai gyaɗa." In ranar ta zo, a je a ranar. Wadda ta bari kwana goma suka wuce ta nuna wa mutum cewa ba ta matsu ba.

Idan ya ce ya tura ta waya, kada ki tsaya ga hoton rasit ko saƙon da ya nuna miki, akwai na jabu. Ki duba asusunki da kanki, ko mai POS da kika amince da shi ya duba miki. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, biya ta waya ya yawaita, 'yan damfara ma suka yawaita.

Mai biya a kan lokaci kuwa ki kyautata masa. Ki ƙara masa gyara, ki fara kai masa kaya ranar da suka yi ƙaranci. Zai so ya riƙe wannan matsayi.

Idan rana ta wuce

A nan sai ki bambance mutum biyu. Akwai wanda ba shi da shi, rashin lafiya ko gobara ko ambaliya ta same shi. Aya ta 280 a wannan surar ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Ki raba masa, misali 1,000 duk ranar kasuwa, a rubuta sabuwar rana. Akwai kuma wanda yake da shi amma yana ja miki rai. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa jinkirin mai hali zalunci ne. Wannan kam, kunyar marar kunya asara ce.

Matakan su ne: ki tsayar da ba shi kaya har sai ya biya na baya. Ki yi masa magana a keɓe, ba a bainar jama'a ba, don wanda aka tozarta yakan taurare. In bai ji ba, ki je da shaidarki da shugabar ƙungiya. In ya ƙi, a kai ga mai unguwa ko limami ko maigari, littafinki a hannu. Kotu ita ce ta ƙarshe. Kada ki ƙara masa ko sisi saboda jinkiri, wannan riba ce da addini ya hana. Kada kuma ki ƙwace kayansa da ƙarfi, sai mai gaskiya ta koma mai laifi.

Bashin dangi shi ya fi wuya. In surukarki ko 'yar ɗakinku ta nema, ki ce, "Inna, kuɗin nan na akwati ne, mata 25 ke da su." Abin da za ki iya bayarwa kyauta ki bayar daga ribarki, jari kuwa a bar shi ya yi aikinsa.

Aikin zama na gaba

Kowace mamba ta zo da jimillar kuɗin da take bi a waje, ba sai ta ambaci sunan kowa ba. Sakatariya ta haɗa jimillar, a kwatanta da abin da ke cikin akwati. Sannan kowace ta zaɓi bashi ɗaya da ya fi daɗewa, ta faɗi ranar da za ta je da wadda za ta raka ta. A zama na biye, bayan an buɗe da addu'a, da wannan rahoton za a fara.