Ƙwayoyin da ke maida yashi dutse

Manomi ya san ƙasa iri-iri ce. Akwai laka, akwai geza, akwai jigawa. Magini kuma ya san gida ba ya wuce ƙarfin ƙasar da aka ɗora shi a kai. A ƙasashen da ake girgizar ƙasa, wannan magana ce ta rai da mutuwa. Shi ya sa masana suka shiga neman dabarar ƙarfafa yashi a ƙarƙashin gidaje. Sun samu mataimaki inda ba a zata ba: wasu ƴan ƙwayoyi masu rai, waɗanda ido ba ya gani.

Yadda ƙasa ke zama kunu

Ran 16 ga watan Yuni 1964 aka yi girgizar ƙasa a birnin Nigata, cikin ƙasar Japan. Akwai wasu benaye masu hawa 4, na siminti da ƙarfe. Ginin bai rushe ba. Amma benayen sun karkace, wani ma ya kusa kwantawa da ƙasa. Gini ya yi ƙarfi, ƙasar da ke ɗauke da shi ce ta gaza.

Ga dalili. An gina unguwar bisa yashi mai ruwa, kusa da gulbi. Kullum tsabar yashi tana dogare da ƴar uwarta, ruwa yana tsakaninsu. In ƙasa ta girgiza, sai tsabar ta saki juna. Nauyin gida ya koma bisa ruwa. Nan da nan ƙasa ta zama kamar kunu. Duk wanda ya taɓa tattaka jiƙaƙƙen yashi a cikin gulbi ya ga irin haka: wurin yana laushi, ruwa ya taso, ƙafa ta nutse.

Abin ya sake faruwa ran 28 ga watan Satumba 2018 a birnin Palu na ƙasar Indunisiya. A unguwannin Petobo da Balarowa ƙasa ta malala da gidaje, ta binne su. Girgizar da ambaliyar teku da wannan malalar ƙasa sun kashe mutum fiye da 4,000.

Tsofaffin dabaru

Tun da daɗewa ana da hanyoyin gyara irin wannan ƙasa. Ana daddaɓe ta da manyan injuna. Ana ɗura mata ruwan siminti, ko wasu magunguna masu daskarewa. Amma kowace hanya da aibinta. Daɓe yana jijjiga gidajen da ke kusa, don haka ba shi da daɗin yi a tsakiyar gari. Ruwan siminti yana da kauri, ba ya ratsa yashi mai laushi. Wasu magungunan kuma guba ne. A shekarar 1974, a Japan, irin wannan magani ya shiga ruwan rijiya, mutanen gidan suka kamu da ciwo.

Ba kowace ƙwaya ce ta cuta ba

A wajen likita ana yawan jin maganar ƙwayoyin cuta. Masana suna kiran wani jinsinsu bakteriya. Amma da yawa daga cikinsu masu amfani ne. Su ne ke maida madara nono a cikin ƙwarya. Su ne ke nuna kalwa ta zama daddawa.

Wadda ake magana a kanta tana zaune cikin ƙasa. Sunanta na boko Sporosarcina pasteurii. An raɗa mata sunan ne don tunawa da Louis Pasteur, babban masanin nan na Faransa. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ko an jera 200, tsawonsu bai wuce milimetir guda ba.

Aikinta shi ne farfasa ure. Ure kuwa manoma sun san shi, shi ne farin takin zamani da ake sa wa hatsi da masara. Akwai shi cikin fitsarin mutum da na dabba. Zarnin da ke tashi a turken dabbobi alama ce ƙwayoyi irin waɗannan suna farfasa shi.

Yadda ake aikin

Da farko ana haƙa ƴan ramu, a kafa bututu cikin yashi. Sai a ɗura ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin. Su bi ruwa, su maƙale jikin tsabar yashi. Bayan haka a ɗura musu ruwan ure da wani gishiri mai ɗauke da kalsiyom. Ƙwayoyin su farfasa ure. Abin da ya fito ya haɗu da gishirin, ya zama farin dutse. Irin dutsen nan ne ake tonowa a Malbaza don yin siminti. Shi ne kuma ke cikin ɓawon ƙwai.

Farin dutsen yana taruwa daidai inda tsaba ta taɓa tsaba, ya liƙe su. Kamar kantun riɗi ke nan: riɗi shi kaɗai zubewa yake, amma in sukari ya kama shi sai an sa haƙori. Ana maimaita ɗurin sau da yawa har yashi ya yi taurin da ake so. Ruwan tsinkakke ne, yana ratsa inda siminti ba ya shiga. Ba a kuma bukatar rushe gidan da ke bisa.

Waɗanda suka gwada

A shekarar 2006 wani malamin jami'ar Kaliforniya ta garin Debis, a Amurka, mai suna Jason DeJong, shi da abokan aikinsa suka bayyana gwajinsu. Sun nuna sakwarkwataccen yashi yana yin ƙarfi bayan ƙwayoyin sun yi aiki cikinsa. Gwajin cikin ɗan ƙaramin mazubi aka yi shi.

A ƙasar Holan, Leon van Paassen da ƴan uwansa masana suka faɗaɗa abin. Sun cika wani ƙaton akwati da yashi metir kib 100. Metir kib guda shi ne cikin rami mai tsawon metir 1, faɗin metir 1, zurfin metir 1. Cikin kamar mako biyu, babban sashe na yashin ya daskare. An bayyana sakamakon a 2010.

Daga baya aka gane wani sauƙi. Ba dole sai an kawo ƙwayoyin daga nesa ba. Ƴan uwansu suna nan cikin ƙasa a wurare da yawa. In an ba su abinci sai su hayayyafa, su kama aiki.

Sauran rina a kaba

Har yanzu dabarar ba ta zama ruwan dare ba. Matsala uku ke gabanta. Ta farko, taurin ba ya zuwa daidai: kusa da bututu ya yi yawa, nesa ya yi kaɗan. Ta biyu, aikin yana barin ruwa mai zarni. Dole a zuƙe shi, a tace, in ba haka ba ya ɓata ruwan rijiyoyi. Ta uku, kuɗi: wuri mai faɗi yana cin ure da gishiri masu yawa. Saboda haka kada wani ya kwashi takin gonarsa ya zuba a gindin ɗaki. Asara ce kawai, ga haɗari ga ruwan sha.

Nijar ba ƙasar manyan girgiza ba ce. Amma tana da nata yaƙin da yashi, kamar tuddan rairayi da ke cin gonaki da kwari a wajen Gure da Maine-Sorowa. A 2008 wani ɗalibin zanen gini ɗan ƙasar Suwidin, Magnus Larsson, ya kawo shawarar a daskarar da tuddan Sahara da waɗannan ƙwayoyi. Ya zana katanga mai kilometir 6,000, ya ɗauki yankin Sakkwato misali. Shawarar ta tsaya a takarda, ba a gina katangar ba. Shingen kara da dashen itatuwa su ne har yau ke tare rairayi.

Duk da haka akwai abin ɗauka. Mai shirin gini ya fara duba ƙasa kafin ya sayi bulo. Ya nisanci bakin gulbi da jiƙaƙƙen yashi, ya haƙa tushe har ya tarar da ƙasa mai tauri. Benayen Nigata sun sha siminti da ƙarfe, amma ƙasa ce ta kayar da su.