Me Ya Sa A-Kori-Kura Mai Shan Gas Ke Ƙin Tashi Da Hunturu?

Daga Disamba zuwa Janairu, direbobin da ke kwaso tattasai da albasa daga fadamun Auyo da Kirikasamma zuwa Haɗejiya sukan sha fama da asuba kafin mota ta tashi.

Dalili shi ne injin dizal, wato mai shan gas, ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sannan a fesa mai ya kama da kansa. Idan ƙarfen injin ya kwana cikin sanyi, sai ya zuƙe zafin nan. Ga man juye ya yi kauri, ga batir ya rage ƙarfi.

A Kanada da Rasha abin ya fi muni, domin sanyi kan sa gas ya yi kauri ya toshe filta. Sanyinmu bai kai nan ba. Ban da sanyin, namu abokin gaban ƙura ce, wadda ke cika filtar iska, da kuma raɓar da ke taruwa a tankin da ya kwana babu mai sosai.

Maganin a hannun direba yake. Murɗa makulli, jira fitilar hita mai ɗumama cikin injin ta mutu, sannan ka tayar. Kada ka matsa wa sitata fiye da daƙiƙa 15. Cika tanki da yamma, a kuma riƙa tsiyaye ruwan filtar mai. Tun Nuwamba bakanike ya duba batir da hitoci. Hura wuta a ƙarƙashin injin kuwa, gobara ake nema.