Sulhun Birnin Gwari: Abubuwan da ya kamata ka sani game da zama da wanda ya cuce ka

A ƙarshen watan Nuwamban 2024, Gwamnan Kaduna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi rukunin farko na 'yan bindigar da aka ce sun ajiye makami, sannan ya buɗe kasuwar shanun garin da ta yi kusan shekara 10 a rufe. Tun daga ranar mutane suka rabu biyu. Wasu na cewa alhamdulillahi, an koma gona, mota na bin hanya. Wasu na cewa ta yaya za a ce mutum ya gaisa da wanda ya kashe masa uba? Duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, kuma a nan wahalar take. Abin da ya faru a yankin ya wuce maganar tsaro, ya shiga maganar zumunci da shugabanci da yadda talaka ke jure wuya.

Wane irin wuri ne Birnin Gwari?

Ƙaramar hukuma ce mai faɗin gaske a yammacin jihar Kaduna, tana iyaka da Zamfara da Katsina da Neja. Ƙidayar 2006 ta samu mutum sama da dubu 250 a cikinta. Ƙasa ce ta noma, musamman masara da dawa da waken suya, akwai kuma zinare da ake haƙa da hannu. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara, ta yadda mai babur zai iya ratsa jihohi uku bai taka kwalta ba. Hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa ta iso garin, daga nan ta wuce Tegina, ita ce tsohuwar hanyar manyan motoci zuwa Legas. Wata kuma ta nufi Funtuwa. Abin da ya azurta yankin, wato daji da hanya da dabba, shi ne dai ya jawo masa ɓarayi.

Ta ina zumuncin ya tsinke?

Kafin bindiga ta shigo, manomi da makiyayi suna buƙatar juna kullum. Bayan girbi shanu su shiga gona su ci karmami su bar taki. Mai ɗan hali a gari ya sayi shanu ya ba Bafulatani kiwo, wani lokaci shekara da shekaru ba takarda ba shaida. Matan ruga su kawo nono su koma da hatsi da gishiri. Idan shanu suka yi ɓarna, mai unguwa da arɗo su zauna, a kimanta, a biya. Ba a rasa rigima, amma akwai inda ake kai ta.

Satar shanu ce ta fara ɓata wannan, kuma makiyayan kansu ne suka fara ɗanɗana ta. Mutumin da aka kwashe wa garke a dare ɗaya ya rasa jarinsa da abincinsa da mutuncinsa gaba ɗaya, kuma idan ya kai ƙara, sau da yawa ba abin da ke biyo baya sai kashe kuɗi. A nasu ɓangaren, mutanen gari da fashi ya ishe su suka kafa 'yan sa-kai. Wasu daga cikinsu sun tsare garuruwansu da gaskiya, wasu kuma suka riƙa yanke hukunci a kasuwa, ba alƙali ba bincike, wani lokaci laifin mutum kawai shi ne kamanninsa da yarensa. Daga nan sai ramuwa. A Oktoban 2012 aka kashe mutum aƙalla 20 a Dogon Dawa, yawancinsu suna fitowa daga sallar asuba, kuma rahotannin lokacin sun ce ɓarayi ne suka zo ɗaukar fansa a kan 'yan sintirin garin. A ranar 5 ga Mayun 2018 aka afka wa Gwaska, aka kashe aƙalla mutum 45.

Bayanin asalin rikici ba wanke mai laifi ba ne. Wanda ya sace amarya ko ya ƙone rumbu ba shi da uzuri, kuma tun tuni harkar ta tashi daga ramuwa ta koma sana'ar neman kuɗin fansa, wadda Hausawa da Fulani da wasunsu duk suka tsoma hannu a ciki. Amma wanda bai san inda igiya ta tsinke ba, ba zai san inda zai ƙulla ba. Ƙananan ƙorafe-ƙorafen da aka ƙi saurara a zaure su ne suka koma daji suka dawo da bindiga.

Yaya mutane suka rayu a tsakiyar wannan?

Wannan shi ne ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Alƙaluman gwamnatin Kaduna da kanta sun nuna an kashe mutum 1,192 an sace 3,348 a faɗin jihar a 2021, kuma Birnin Gwari na cikin wuraren da abin ya fi muni. Amma garin bai watse ba.

Direbobi suka koyi jiran juna su tafi a ayari, wani lokaci da rakiyar jami'an tsaro, wani lokaci kuma a zagaya ta Zariya da Funtuwa, tafiyar Kaduna da ba ta kai awa biyu ba a da ta cinye yini. Mutanen ƙauyukan da aka tasa ba su tarar da wani babban sansani na jiransu ba, gidajen dangi da na abokan arziki ne suka haɗiye su: ɗaki ɗaya ya ɗauki iyali biyu, tukunya ɗaya ta ciyar da gida uku. Idan aka sace mutum, sai a yi karo-karo. Yaya ya sayar da gona, ƙanwa ta sayar da kayan ɗaki, a yi yekuwa a masallaci, ɗan garin da ke Kaduna ko Abuja ya turo abin da ya samu. Ƙungiyar cigaban masarautar Birnin Gwari, BEPU, ta riƙa fitar da sunayen ƙauyuka da adadin waɗanda aka kashe ga 'yan jarida, don kada a ce ba a sani ba.

Sai dai wuya tana gyara wani zumuncin tana kashe wani. Kalmar da ta fi kowace ɗaci a yankin ita ce infoma. Da zarar an sace mutum kwana biyu bayan ya sayar da masara, tambayar farko ita ce wa ya faɗa musu? Sai maƙwabci ya fara kallon maƙwabci, mai gida ya daina faɗa wa ɗan ɗakinsa ranar da zai yi tafiya, wani ma ya ɓoye wa iyalinsa cinikin da ya yi. An kama masu kai rahoto na gaske, an kuma ɓata sunan waɗanda ba su ji ba su gani ba. A ganina wannan raunin zai fi na gidajen da aka ƙone daɗewa bai warke ba, domin gida ana sake gina shi da rani ɗaya.

Akwai kuma abin da ba a so a furta: ƙauyuka da dama sun yi nasu sulhun tun kafin gwamnati ta yi nata. Sun biya haraji don a bar su su yi shuka, sun sake biya don a bar su su yi girbi, wasu an tilasta musu aiki a gonakin 'yan bindiga. Mai zaune a birni yana iya kiran wannan ragwanci. Amma dagacin da ke da ɗaruruwan rayuka a wuyansa, ga damina ta kama, ga ofishin 'yan sanda mafi kusa da nisan sa'o'i, lissafinsa daban ne. A gabashin yankin, wajen Damari da Kuyallo, har 'yan ƙungiyar Ansaru sun samu shiga da sunan kare mutane daga ɓarayi, suna wa'azi suna rabon kyauta. Inda hukuma ta bar gurbi, wani zai cike shi, kuma ba don Allah ba.

Shugabanni biyu, hanya biyu

Nasir El-Rufai, wanda ya mulki jihar daga 2015 zuwa 2023, ya tsaya a kan ba sulhu ba biyan fansa. Hujjarsa ita ce kuɗin da aka biya yau shi zai sayi bindigar gobe, kuma ba hujja ce ta banza ba. A 2015 aka yi farmakin haɗin gwiwa a dajin Kamuku aka ƙwato shanu masu yawa. Bayan kisan Gwaska gwamnatin Buhari ta amince a kafa bataliyar soja a yankin. A ƙarshen Satumban 2021 aka katse layukan waya a wasu sassan jihar har zuwa ƙarshen Nuwamba, aka hana hawa babur, aka dakatar da wasu kasuwannin mako. 'Yan bindiga sun ji jiki na ɗan lokaci, amma talaka ya fi su ji: ba kasuwa, ba babur ɗin kai mai naƙuda asibiti, ba wayar da zai kira a kawo ɗauki.

Uba Sani ya ɗauki ɗaya hanyar, musamman bayan sace 'yan makarantar Kuriga da ke kan hanyar Birnin Gwari a Maris ɗin 2024, waɗanda aka sako 137 bayan mako biyu da 'yan kwanaki. An yi watanni ana tattaunawa tare da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, da malamai da masu sarauta da shugabannin Fulani. Gwamnan ya sha nanata cewa ba a biya kowa ko kwabo ba.

Ba sai an mai da ɗaya gwarzo ɗaya mai laifi ba. Abin da mutanen ƙauye ke aunawa ba ya wuce uku: na je gona na dawo? Na kai kaya kasuwa? Da na yi kuka wa ya zo? Shi ya sa masu sarautar da suka zauna da jama'arsu a lokacin tsanani, tun daga Sarkin Birnin Gwari Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, wanda ya sha fitowa fili yana kokawa da halin da talakawansa ke ciki, har zuwa masu unguwannin da ba wanda ya san sunansu a waje, suke da bakin magana a yau. Mutum ya fi karɓar magana mai ɗaci, irin ta a yi haƙuri a zauna da abokin gaba, daga bakin wanda ya je jana'izar ɗan'uwansa.

Me ya sa aka fara da kasuwa?

Domin a nan buƙatar kowa ta haɗu. Makiyayin da ya yi shekaru ba ya iya shiga gari yana sayar da saniyarsa a wulaƙance ga duk wanda ya iya kutsawa daji, ya kuma sayi magani da gishiri da tsada. Dillali da mahauci da mai lodin tirela da mai sayar da abinci a bakin kara duk sun rasa abin yi. Ranar kasuwa tana yin abin da taron gwamnati ba ya iyawa: tana sa mutum biyu su yi musabaha, su yi ciniki, ɗaya ya bi ɗaya bashi zuwa mako mai zuwa. Idan aka biya bashin nan sau ɗaya, sau biyu, an fara dawo da abin da aka rasa. Haɗarin shi ne kasuwar ta zama wurin sayar da shanun da aka sato daga Neja ko Zamfara, don haka aikin sarkin zango da shugabannin kara, na tantance mai dabba da inda ta fito, ya zama aikin tsaro.

To, ina haƙƙin wanda aka kashe wa nasa?

A nan sulhun ya fi rauni. A shari'ar Musulunci, yafe jini haƙƙin magadan mamaci ne, su ke da zaɓin ƙisasi ko diyya ko afuwa. Gwamna na iya tsayar da faɗa, amma ba zai iya yafewa a madadin marainiya ba. Matar da aka kashe wa miji, ta sayar da gonar 'ya'yanta ta fanso ɗanta, yanzu tana iya yin kiciɓis da wanda ya yi mata haka a layin masu sayen shinkafa. Idan aka ce mata ta yi haƙuri kawai, alhali ana maganar gina wa tubabbu makaranta da asibiti, abin da za ta fahimta shi ne mai bindiga ake saurara.

Ruwanda ta fuskanci irin wannan bayan kisan ƙare-dangi na 1994. Kotunan gargajiya da ake kira gacaca sun yi shekara 10 suna zama a filin ƙauye, mai laifi ya faɗi abin da ya yi a gaban waɗanda ya cuta kafin a yi maganar sassauci. Tsarin yana da nasa kurakuran, amma bai tsallake matakin amsa laifi ba. Mu ma muna da zauren sarki da na malamai da za su iya ɗaukar irin wannan zama, a rubuta sunayen waɗanda aka kashe, a mayar da gonakin da aka ƙwace, a taimaka wa waɗanda fansa ta talauta. Haka su ma Fulanin da aka kashe musu 'yan'uwa ba da laifin komai ba, suna da haƙƙin a ji nasu.

Me zai iya rusa shi?

Maƙwabta sun riga sun nuna. Zamfara ta yi sulhu da jagoran 'yan bindiga Buharin Daji a ƙarshen 2016, ya koma ɓarna, har wani ɗan bindigar, Dogo Giɗe, ya kashe shi a Maris ɗin 2018. Gwamna Aminu Masari na Katsina ya shiga daji da kansa a 2019, a shekarar da ta biyo baya ya ce sun ci amana, ba zai sake ba. Dalilan kusan iri ɗaya ne. Babu shugaba guda da ke juya duk dabobin daji, don haka alkawarin kachalla ɗaya bai ɗaure na kusa da shi ba. Bindigogi da yawa ba sa fitowa. Wanda ya daina ɓarna a Kaduna yana iya tsallakawa Neja ya yi ya dawo. Sannan ga yaran da suka tashi a daji, waɗanda ba su san kiwo ba ba su san noma ba, sun saba riƙe kuɗin da mai garke ba ya gani a shekara. Yaron da aka ba bindiga yana ɗan shekara 12 lokacin harin Gwaska, ya kai 18 ranar da aka buɗe kara, kuma har yanzu bai taɓa zama a aji ko a gaban malamin allo ba.